Ranar da Gani Ya Kasa Korar Ji

Duk wanda ya bi titin Kalgo zuwa Birnin Kebbi da tsakar ranar bazara ya san ruwan nan da ke kwance a gaba, wanda mota ke bi ba ta taɓa cim masa. Yaron Diggi da ke leƙe ta taga zai rantse ruwa ne. Kawalwainiya ce: kwalta ta ɗauki zafi ta gasa iskar da ke dab da ita, hasken da ya sauko daga sama ya lanƙwashe ya shigo ido, sai ƙwaƙwalwa ta ga shuɗin sama shimfiɗe a kan hanya ta yanke hukuncin cewa ruwa ne.

Irin wannan kuskure na gani aka gina wa gida sukutum a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya a 2015, gidan da daga baya ya yi rassa har Dubai da Alƙahira. Iyalai na biyan kuɗi su shiga domin a ruɗi idanunsu. Mafi shahara a ciki shi ne ɗakin Ames, wanda masanin gani ɗan Amurka Adelbert Ames ya ƙirƙira. Bangonsa na baya a karkace yake, kusurwa ɗaya ta fi ɗaya nisa, amma mai leƙe ta ƙaramar kafa da ido ɗaya yana ganin ɗaki ne irin na kowa. Uba ya tsaya a kusurwa mai nisa, ɗansa a ta kusa, sai ga yaro ya kere mahaifinsa tsawo.

Akwai masu cewa wannan rufa-ido ne aka yi wa rufin kwano, kuma ɓarnar kuɗi ce a lokacin da cefane ke gagarar magidanta. Batun kuɗi gaskiya ne. Batun rufa-ido kuwa akwai gyara. Mai rufa-ido a kasuwa yana cin abinci ne da ɓoye dabararsa, gidan nan kuma bayan ya ruɗi mutum sai ya kama hannunsa ya nuna masa karkatar bangon. Ilimin ma ba baƙo ba ne ga Musulmi. Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya tabbatar a Alƙahira cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma ware sashe guda na littafinsa Kitabul Manazir ga kurakuran gani.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma maganar ta yi aiki a zamanin da mutum ke gani da idonsa kai tsaye. Yau yaro yana gani ne ta gilashin waya, inda ake haɗa bidiyon da ba a taɓa ɗauka ba, ɗan damfara kuma ya nuna wa mai shago saƙon banki na bogi. Yaron da ya taɓa ganin kansa ya fi babansa tsawo, aka kuma nuna masa dalili, zai fi saurin tambayar yadda aka yi kafin ya gaskata hoto.

Iyalin Diggi ba sai sun je Dubai ba. Ɗakin Ames katako ne da fenti da awo, kafinta zai iya haɗa shi idan an ba shi zane. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma tana da ɗaliban kimiyya da za su iya fitar da awon. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya saba karɓar baƙi. Da ɗayansu zai ware ɗaki guda ya zuba madubai da ɗakin Ames, ya buɗe shi a hutun Sallah da ɗan kuɗin shiga, da magidanci ya sami inda zai kai yaransa su sha dariya. A hanyar komawa gida kuma, idan ruwan nan ya sake bayyana a kan kwalta, yaron ne zai yi wa ƙannensa bayani.