Injin Miƙa Ƙwallo Da Motar Kara: Kada A Sake Sayo Wa Katagum Akwatunan Da Ba Za A Buɗe Ba

A wuraren baje kolin masu sha'awar kayan wasan LEGO a Turai da Amurka da Japan, akwai wani teburi da ba ya rabuwa da cincirindon 'yan kallo. A kansa ake jera ƙananan injuna, wani lokaci gommai, kowanne ginin mutum daban, an haɗa su baki da baki har sun zagaye ɗaki. Aikinsu ɗaya ne. Kowane inji zai karɓi 'yan ƙananan ƙwallaye daga na bayansa, ya ɗaga su ko ya gangarar da su ta hanyar da magininsa ya ga dama, sannan ya miƙa wa na gaba. Wani ya yi nasa da siffar masana'anta, wani tashar jirgin ƙasa, wani kuma tashar jiragen ruwa mai ƙugiyar ɗaga kaya. Da Turanci ana kiran wannan wasa Great Ball Contraption, a Hausa kuwa injin miƙa ƙwallo ya wadatar.

Abin da ya sa wasan ke tafiya shi ne wata gajeriyar ƙa'ida da maginan suka amince da ita. An ƙayyade faɗin kwandon da ƙwallo zai faɗa ciki da tsayinsa, an kuma ce kowane inji ya iya wucar da kimanin ƙwallo ɗaya a kowace daƙiƙa. Bayan wannan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi ya sa mutumin Jamus da mutumin Japan da ba su taɓa ganin juna ba za su zo da injunansu a jaka, a ajiye su gefe da gefe, ƙwallo ya fita daga wannan ya shiga wancan ba tare da an sauya ko ƙusa ɗaya ba.

Mai karatu da ke zaune a wata ma'aikata a Abuja zai iya tambayar abin da ya haɗa wannan shagali na masu ƙoshi da yaron da ke Azare ko Katagum ko Gadau. Amsar tana cikin lungunan garuruwan nan bayan an yi girbin dawa. Yaro zai samo kara, ya fere ɓawonsa ya mai da shi tsinkaye, ya yanka totuwar daidai-daidai, ya harhaɗa mota mai ƙofa da kujeru da wurin ɗora kaya. Wanda ya ɗan tasa sai ya koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya ɗaure gindin da robar tif don motar ta riƙa lotsawa idan ta hau dutse, ya zaro doguwar waya ya lanƙwasa ta sitiyari yana tuƙi a tsaye. Ba wanda ya karanta masa darasi a kan yadda sandar taya ke juyawa, ya dai gwada ya ga ta karkace, ya warware ya sake. Wannan yaro da maginin LEGO na birnin Tokyo sana'a ɗaya suke yi, bambancin yana cikin abin da kowanne ya tarar a gabansa.

To amma akwai abin da motar kara ba ta koyarwa, kuma nan ne injin miƙa ƙwallo ya fi ta. Motar kara aikin mutum ɗaya ce. Idan tayar hagu ta fi ta dama girma, mai ita ne kaɗai zai ji, kuma yana iya jan abarsa haka. Injin da zai karɓi ƙwallo daga na wani ya miƙa wa na wani ba ya lamuntar kusan-daidai. Dole yaro ya ɗauki ma'auni ya auna tsayin kwandon abokinsa. Dole ya ƙirga ƙwallaye nawa ke wucewa a minti guda. Idan gangaren ya yi tsaye da yawa ƙwallo zai yi tsalle ya fice, idan ya kwanta da yawa sai ya tsaya a hanya, saboda haka zai gano da hannunsa cewa akwai dangantaka tsakanin karkata da gudu da gogayya tun kafin malami ya rubuta sunayensu a allo. Idan ya haɗa giya mai haƙora 8 da mai haƙora 24, zai ga ƙaramar ta juya sau uku kafin babbar ta kammala zagaye ɗaya, ya kuma ga cewa abin da ya rasa a sauri ya samu a ƙarfi. Darasin kashi da rabo ke nan da ake haddacewa a aji a manta bayan jarrabawa. Sama da duka, zai koyi cewa kyan aikinsa ba ya amfanar kowa sai ya dace da na maƙwabcinsa, wanda shi ne ginshiƙin kowace masana'anta a duniya, daga mai ƙera ƙusa zuwa mai harhaɗa jirgin sama.

Ma'aikacin gwamnati ma ba baƙo ba ne ga wannan hoto. Fayil ƙwallo ne, ofisoshi kuwa injuna ne da aka jera. Teburi tara za su iya yin aiki da sauri, na goma ya riƙe takarda mako uku, sai a ce ma'aikata duka ba ta aiki. Masu wasan ƙwallon sun san cewa saurin layi gaba ɗaya shi ne saurin injin da ya fi nawa, kuma da zarar ƙwallaye sun fara taruwa suna zubewa ƙasa, kowa a ɗakin ya san wurin da matsalar take.

Haɗarin da ke tattare da irin wannan shawara sananne ne. Da zarar wani babba ya ga bidiyon injunan nan a wayarsa ya yaba, abin da zai biyo baya shi ne takardar neman amincewa da sayo akwatunan LEGO daga waje domin rabawa makarantu, da bikin ƙaddamarwa, da hotuna. Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da darasin gabatarwa ga fasaha a ƙananan sakandare, aka kuma yi odar injunan sassaƙa da na aikin ƙarfe daga ƙasashen Gabashin Turai da maƙudan kuɗi. Manufar kyakkyawa ce. Amma a makarantu da yawa kayan sun isa babu ɗakin da za a girke su, babu wutar da za ta juya su, babu malamin da ya san kansu. Waɗanda suka yi karatu a shekarun nan suna tuna manyan akwatunan katako da suka shekara a bayan ofishin shugaban makaranta har gara da tsatsa suka raba su. An koyar da darasin da alli, yara suka zana zarto a littafi ba su taɓa riƙe shi ba.

Akwatin LEGO zai fi waɗancan injuna saurin lalacewa. Da dala ake sayen sa. Guntayensa ƙanana ne, idan giya ɗaya ta ɓace a cikin rairayin filin makaranta ba a samun madadinta a kasuwar Azare. Shugaban makarantar da ya sa hannu ya karɓi kaya masu tsada, yana kuma tsoron ranar da masu binciken kuɗi za su zo ƙirga, abin da hankali zai ba shi shi ne ya kulle su a kabad ya riƙe makulli. Ba za a zarge shi ba. Ko kamfanin kansa ba ya tabbata a kan kaya ɗaya: jerin Mindstorms na koyon sarrafa mutum-mutumi, wanda ya fito a 1998 makarantu da dama a duniya suka gina darasi a kansa, an daina yin sa a ƙarshen 2022.

Abin da ya cancanci a ɗauko daga wasan shi ne ƙa'idar, ita kuwa kyauta ce. Shafi ɗaya ya isa a rubuta ta: ga girman ƙwallo, ga faɗin kwando da tsayinsa, ga yawan ƙwallayen da za su wuce a minti. Ƙwallon gilashi da yara ke wasa da shi ko na cikin boris ya wadatar. Kwata za a yi da ɓarin bututun roba ko gora da aka tsaga ko kwali. Mai gyaran keke yana da tsohuwar sarƙa da firiwil da sifok da yake zubarwa. Kafinta yana da guntayen filawud. Inda babu wuta a juya da hannu, inda ake son ƙari a ciro ɗan injin da ke juya kaset a tsohuwar rediyo a haɗa shi da ƙaramin farantin sola. Jigogin ma ba sai an aro daga waje ba. Aji ɗaya ya gina jigon ban ruwa irin na masu lambu a fadamar kogin Jama'are, wanda guga zai ɗebi ƙwallo ya ɗaga ya zuba a kwata, kuma duk ilmin ɗaga nauyi da sanda yana cikin jigo tun kafin a buga littafin kimiyya na farko a ƙasar nan. Wani aji ya yi injin niƙa, wani ya yi kwale-kwalen fito, wani ya yi lodin buhunan gyaɗa, wani ya jera dawakin hawan sallah suna miƙa ƙwallo daga mahayi zuwa mahayi har ƙofar fada. A ƙarshen zango makarantu goma su hallara a zaure ɗaya a Azare, a jera injunan, a saki ƙwallo a ga inda zai tsaya.

Gaskiya ne kara ba roba ba ne. Darajar LEGO, tun daga 1958 da kamfanin na garin Billund a Denmak ya yi rajistar fasalin tubalinsa, tana cikin daidaiton ƙira, ta yadda tubalin da aka yi shekaru hamsin baya zai shiga cikin na bana. Kara yana lanƙwasa, damina tana jiƙa shi, giyar da aka yanka da reza ba za ta yi haƙora daidai ba. A nan ne gwamnatin tarayya ke da aikin da ya dace da ita. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, tana da cibiyoyin ƙera kayan kimiyya a Minna da Inugu, waɗanda tun asali aikinsu ya haɗa da samar wa makarantu kayan gwaji. Ba abin da zai gagare su ba ne su fitar da giyoyi iri uku ko huɗu da sandunan juyawa masu ma'auni ɗaya, masu araha ta yadda ɓatan ɗaya ba zai sa a kira taron ladabtarwa ba. Sauran jikin injin a bar wa yara da masu sana'ar gari. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya riga ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan kimiyya da injiniya, don haka jami'in da ya rubuta takardarsa ta wannan fuska yana da madogara.

Malami shi ne inda abin zai tsaya ko ya faɗi, kuma Azare tana da wurin da za a fara. Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh na yaye malaman da ke cika azuzuwan firamare da ƙananan sakandare na arewacin Bauchi. Ɗalibin malanta da ya gina inji da hannunsa, ya ga ya ƙi aiki, ya zauna ya gano dalili, ba zai ji tsoron barin yara su yi kuskure a gabansa ba. Idan ma za a sayi LEGO na ainihi, to a sayi kaɗan a ajiye a nan domin malaman su ga yadda daidaitaccen aiki yake. Asusun TETFund yana tallafa wa kwalejojin ilmi na jihohi, hukumar NCCE ke tsara abin da ake koya musu, hukumar UBEC kuma, bisa dokar 2004, tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilmin matakin farko, ciki har da kayan koyarwa da horar da malamai. Ba a buƙatar sabuwar hukuma ko sabon kwamiti.

Za a ce makarantar da rufinta ya yaye, yara saba'in na zaune a ƙasa, wasu dubbai ma ba su shiga aji ba, ina ita ina wasan ƙwallo. Magana ce mai nauyi, kuma rufi da kujera suna gaba. Sai dai wannan na cikin 'yan abubuwan da ba sa jiran rufi, domin a ƙarƙashin darbejiya ma ana yin sa. Uban da ke ganin boko ba ya koya wa ɗansa abin da hannu zai ci abinci da shi, idan ya ga yaron ya dawo yana auna katako yana lissafin haƙoran giya, ya ga abin da zai iya fahimta. Akwai kuma 'yan mata. A unguwa motar kara ta maza ce, yarinya tana can da talla ko aikin gida. Aji ne kaɗai wurin da za a miƙa mata filaya a ce ita ma ta gwada.

Ƙasar Katagum ta daɗe tana ba tarayya ma'aikata. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya shekaru masu yawa, Alhaji Aminu Saleh ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin tarayya, Malam Adamu Adamu ya yi ministan ilmi daga 2015 zuwa 2023. Yanzu ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare, ga jami'ar jiha a Gadau. Gari mai asibitin koyarwa yana buƙatar likitoci, yana kuma buƙatar wanda zai kwance na'urar da ta tsaya ya gane abin da ya same ta, maimakon a jira injiniya daga Legas ko Kano. Irin wannan mutum ana fara yin sa ne tun yana shekara tara, ranar da aka ƙyale shi ya warware abu ya mayar.

Lokacin gwaji ma a bayyane yake. Ana girbin dawa a wajajen Nuwamba, kara yana nan birjik har tsakiyar rani, wato zangon karatu na biyu gaba ɗayansa. Idan ana so makarantu goma na Azare da Katagum su jera injunansu kafin hutun zangon, to shafin ƙa'idar da buhun giyoyin su isa hannun malamai kafin Disamba, takardar amincewa kuwa ta bar teburin darakta tun damina ba ta ɗauke ba.