Tafki a Bayan Katanga: Lissafin da Ake Yi Kafin a Haƙa Wurin Ninƙaya a Ƙasar Daura

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura ta ratsa Zango da Baure, har ta dangana da Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, zai lura da wani irin gini da ke ƙaruwa: gidajen 'yan ƙasa waɗanda Allah ya buɗa wa a Abuja, Kano ko Legas, suka dawo mahaifa suka ja katanga mai tsayi. Yawancin gidajen nan a rufe suke wuni su kwana. Sai Sallah, ko biki, ko rasuwa ke buɗe su. A zamanin nan kuma, zanen da mai tsara gini ke miƙa wa irin wannan maigida yakan zo da wani shuɗin fili a bayan ɗakuna, wato tafkin ninƙaya, irin wanda ido ya saba gani a manyan otal-otal.

Sha'awar ba abin zargi ba ce. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, babu wanda zai ga laifin mai son ruwan sanyi kusa da ɗakinsa. Sai dai mutanen Daura, da suka san doki, sun san cewa kuɗin sayensa shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Harawa da dusa da kanwa da mai kula da barga su ne ke nuna wanda ya isa riƙe shi. Haka tafkin gida yake. Haƙa shi da manna masa tayil aikin 'yan makonni ne, riƙonsa kuwa aikin kullum ne, kuma wanda ya gaza riƙon ba shi kaɗai zai ɗanɗana kuɗarsa ba.

Lissafi na farko na ruwa ne. Matsakaicin tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000 kafin ya cika. Idan aka auna da jarka mai lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura, jarka 1,920 ke nan. Wannan cikon farko ne kawai. Fuskar tafkin murabba'in mita 32 ce, don haka duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka, lita 320 sun bi iska. A tsakiyar bazara, lokacin da rana ke ƙuna kuma iska ta bushe ƙayau, buɗaɗɗen ruwa na iya rasa kusan haka a wuni guda. Ma'aunin da hukumomin duniya ke amfani da shi ya nuna cewa mutum na buƙatar aƙalla lita 50 a rana domin sha, girki, wanka da wanki. Ke nan abin da rana ke lashewa daga tafki ɗaya zai iya ɗaukar nauyin gida mai mutum shida.

Maigida zai ce rijiyar burtsatse tasa ce, da kuɗinsa ya haƙa. Gaskiya ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. A yankin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ƙasa ta shanye a waɗannan watanni shi kowa ke ja har shekara ta zagayo, kuma mai dogon bututu da injin mai ƙarfi yana iya janye abin da guga ke jira a rijiyar maƙwabci. Daura ba baƙuwar wannan magana ba ce: labarin kafuwarta da kansa labarin rijiyar Kusugu ne, inda aka ce maciji ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma wanda ya buɗe wa mutane hanyar ruwa shi ya sami sarauniya da suna. Ko a ƙasashen da tafkin gida ya zama ruwan dare, ba a bar shi sakaka ba. Lokacin da fari ya kusan ƙafar da madatsun birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a 2018, an taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, aka kuma haramta cika tafkunan gida da ruwan famfon gwamnati.

Maganin wannan ɓarna yana da arha idan aka kwatanta da kuɗin ginin. Marufi, wato shimfiɗar roba mai kauri da ake ja a kan ruwan idan ba a amfani da shi, yana hana mafi yawan ƙafewar, yana kuma tare ƙura da ganye. Tafki maras marufi a ƙasar Baure randa ce da aka bari a rana ba faifai.

Lissafi na biyu na tsafta ne. Ruwan tafki ba ya gudu, saboda haka dole a tilasta masa gudu. Injin tura ruwa yana zuƙo shi, ya bi da shi ta cikin tulun tacewa mai cike da yashi, ya mayar da shi. Ana son injin ya yi aiki kimanin awa takwas kowace rana. Inji mai ƙarfin doki ɗaya zai sha wajen kilowat-awa 6 a wannan lokaci, kuma wanda ya san halin wutar lantarki a ƙauyukan iyaka ya san cewa maganar ta koma kan sola ko janareta. Yashin ma yakan toshe, sai an juya ruwa baya an wanke shi, abin da ke zubar da ɗaruruwan lita a kowane karo. A hunturu, lokacin da hazo ke sauke ƙura a kan komai, wankin yakan yawaita.

Sai sinadarin kulorin, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a riƙe shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, a kuma riƙe ma'aunin tsamin ruwa, wanda masana ke kira pH, tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ma'aunin ya haura, kulorin yakan yi rauni ko da an zuba da yawa. Idan ya faɗi, ruwan ya riƙa yi wa ido yaji yana cin ƙarfe da siminti. Hasken rana mai ƙarfi kuma yana lalata kulorin cikin sa'o'i, shi ya sa ake zuba shi da yamma, ake kuma gwada ruwan da 'yan takardun gwaji sau da yawa a mako. Garin kulorin kansa abin tsoro ne: idan ya haɗu da ruwan asid yana fitar da iska mai shaƙe numfashi, don haka wurin ajiyarsa ɗaki ne mai kulle, nesa da yara da kicin.

A nan ne matsalar gidan Sallah ke bayyana. Maigida ya koma Abuja, an bar maigadi da makulli ba tare da an koya masa gwaji ba, batirin sola ya mutu, kulorin ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki shuɗin ruwa zai koma kore da gansakuka, cikin mako biyu kuma sauro ya gama ƙyanƙyashewa a ciki ya tashi. Sauron ba zai tsaya a bayan katanga ba. Zai kai zazzaɓin cizonsa gidajen da ba su taɓa ganin tafkin ba. An kashe miliyoyi an gina kududdufi mai tayil.

Lissafi na uku, wanda ya fi sauran nauyi, na rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Shiru yake tafiya, cikin lokacin da bai fi na juya tuwo ba. Gidan Bahaushe kuwa a ranar Sallah cike yake da jikoki da 'ya'yan maƙwabta, kowace uwa tana zaton wata na kallo. Faransa ta kafa doka a 2003 da ta wajabta wa masu tafkin gida sanya abin kariya, shinge ko marufi mai ƙarfi ko rumfa ko ƙararrawa. A Ostareliya ana buƙatar shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙyaure mai rufe kansa. Katangar gida ba ta wadatar, domin yaran da ke cikin hatsari a cikin gidan suke. Shingen dole ya kewaye ruwan ta kusurwa huɗu, sakatarsa a inda ɗan ƙaramin hannu ba ya kaiwa.

Duk da haka, akwai hujja mai ƙarfi da ke goyon bayan tafki a wannan ƙasa. Yaran Babban Mutum da ƙauyukan kewaye ba su jira tayil ba kafin su shiga ruwa. Kowace damina suna faɗawa kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini, inda zurfi ba shi da alama, inda kuma tsargiya ke jiran fatar da ta jiƙe. Jami'an kashe gobara a Kano da Katsina sun saba da kiran ciro gawa daga irin waɗannan ramuka. A Bangaladash, inda nutsewa ke cikin manyan masu kashe yara, an koya wa dubban ɗaruruwan yara iyo a tafkunan ƙauye da aka killace da gora, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna mutuwa ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka koya. Tsaftataccen ruwa mai zurfin da aka sani, da babban mutum a tsaye a gefe, shi ne ajin da yaran yankin ba su da shi.

Saboda haka, wanda zai zauna a gidan, ko zai biya ƙwararren mai kula albashin shekara, ya sayi marufi, ya kafa shinge, ya tanadi sola da kayan gwaji, ya haƙa tafkinsa. Idan ya fitar da kan famfo ɗaya wajen katanga domin maƙwabta, ya kuma ware wata safiya a mako da malamin iyo zai koya wa yaran unguwa, maza da ranarsu mata da tasu, ya mayar da abin alfahari abin amfani. Wanda kuwa sau biyu a shekara yake kwana a gidan, gara ya dasa darbejiya da mangwaro a filin, ya gina rumfa mai shan iska. Inuwa ba ta buƙatar kulorin, kuma ba a taɓa ciro yaro daga cikinta ba.