Ina kashi na biyu? Kafin ka zagi marubuciya, duba wayarka

Ɗan'uwa matashi, ko kana Sabon Birni ko kana Isa, na san ka san wannan ciwon. Ke ma 'yar'uwa, ƙila ma kin fi mu saninsa. Ka kwana uku kana bin labari a waya, ka saba da mutanen ciki kamar 'yan gidanku, sai daidai inda gabanka ya faɗi marubuciya ta ajiye alƙalami ta ce sai mun haɗu a kashi na biyu. Sati ya wuce, wata ya wuce, damina ta zo ta tafi, shiru kake ji. A zaurukan WhatsApp kuwa sai ƙorafi: wai ta yaudari mutane, wai kanta ya kumbura tunda littafinta na farko ya karɓu. To zo mu zauna mu duba wannan jira da kyau, domin ina ganin rabin laifin yana hannunmu mu masu karatu.

Raba labari kashi-kashi ba jiya aka fara shi ba. Lokacin da littattafan soyayya na Kano suka yi tashe, haka ake sayar da su. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, a kashi-kashi mutane suka bi labarin Sumayya da Muhammad. Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ma kashi uku ne. Ka tambayi yayarka ko innarka, za ta ba ka labarin yadda ake jiran mai zuwa Sakkwato ko Kano a ba shi sautun na gaba.

Amma ka san dalilin rabawar? Jan rai yana ciki, sai dai babban dalilin jari ne. Yawancin marubutan da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, su kai wa diloli, su jira ciniki. Kuɗin da kashi na ɗaya ya kawo, da shi ake sayen takarda a biya maɗaba'a a fitar da na biyu. Wato duk wanda ya sayi na farko ya zuba hannun jari a na biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Hatta mai shagon hayar littattafai, da marubuta ke kuka da shi, ai sai ya sayi kwafinsa kafin ya ba da haya.

Yau labarin ya koma waya. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a Wattpad ko WhatsApp, in ka ji daɗi ka tura ɗan kuɗi a saka ka a zauren masu biya, ko ka saya a manhaja irin ArewaBooks. Tsari ne mai kyau, musamman gare mu da muke nesa da shagunan littattafai. Ga inda gizo ke saƙar: mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya tura zaure goma. Kafin gari ya waye wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla, mai littafin ko sallama ba a yi mata ba. Mutum dubu sun karanta, 'yan tsiraru suka biya. Sannan dubun nan su ne za su fi kowa ɗaga murya: ina ci gaba?

Doka dai akwai ta. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta haɗa da abubuwan da ake yaɗawa a intanet, har ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka sace masa. Amma ka gaya min, wace hukuma ce za ta bi zaure-zaure tana kamun masu turawa? Wannan aikin lamirinka ne kawai zai iya yin sa. Ga kuma tsadar rayuwa tun cire tallafin mai a 2023, ga ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Mai rubutu a waya ita ma data take saye, ita ma caji take biya.

Ko da kuɗi sun samu, littafi na biyu nauyi gare shi. Na farko ka rubuta shi ba wanda ya san ka, na biyu kuwa idon kowa na kanka. Chinua Achebe ya yi sa'a, shekara biyu kacal tsakanin Things Fall Apart na 1958 da No Longer at Ease na 1960, wanda ya ci gaba da labarin jikan Okonkwo. Amma dubi Tsitsi Dangarembga 'yar Zimbabuwe: ta fitar da Nervous Conditions a 1988, masu karatu suka jira shekara 18 kafin ci gabansa ya fito a 2006, na uku kuma sai 2018. Na ukun nan ya shiga jerin ƙarshe na gasar Booker a 2020. A nan gida, Abubakar Adam Ibrahim ya ci dala 100,000 ta gasar NLNG a 2016 da Season of Crimson Blossoms, amma sai 2023 ya fitar da wani ƙagaggen labarin mai tsawo, shi ma ba ci gaban na farkon ba ne.

Akwai kuma ci gaban da ake jira, in ya zo a yi da-na-sani. A Amurka an yi shekara 55 kafin littafi na biyu na Harper Lee ya fito a 2015, kuma da yawa daga masoyan na farko ransu ya ɓaci, domin lauyan da suka ɗauka gwarzon adalci sai ga shi da ra'ayin wariyar launin fata. Mu ma muna ganin irin haka: a matsa wa marubuciya lamba, ta yi ta jan labari da kishiya ta uku da hatsarin mota da mantuwa, har ka manta abin da ya sa ka so shi tun farko. Tuwon gaggawa ai da gudaji yake zuwa.

Mu mutanen gabashin Sakkwato ya kamata mu fi kowa fahimtar cewa shiru ba kullum yake nufin wulaƙanci ba. Ka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. 'Yan'uwanmu na Kano da Kaduna sun yi ta kira ba sa samunmu. Raina su muka yi? Ka tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin nan a Disambar shekarar, da dangin da suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. A irin daren da ba a iya barci, labarin da ke ajiye cikin waya ya ɗebe wa da yawanmu kewa. Wadda ta rubuta shi mutum ce kamarmu: tana haihuwa, tana jinya, ana yi mata rasuwa.

Ba na wanke marubuta duka. Wadda ta karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ba ta gama ba, ta ɓace ba bayani, ta ci amana, kuma ya dace a gaya mata. Gyaran mai sauƙi ne: kada a karɓi kuɗi sai rubutu ya kammala, in kuma uzuri ya taso a fito a faɗa.

Kai kuma naka gyaran ga shi. In littafi ya burge ka, biya, ko da kuɗin katin kwana biyu ne. In an turo maka na sata, kada ka tura gaba. In jira ya yi tsawo, aika gaisuwa da addu'a kafin ƙorafi. Kuma ka yi wa kanka tunani: a ƙasar da aka yi Alƙalawa da Bawa Jan Gwarzo, a garuruwan da suka ga abin da muka gani a 'yan shekarun nan, akwai labaran da ke jiran mai rubutawa. Ƙila ke ce, da kike shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa. Ƙila kai ne. Ranar da ka saki naka kashi na ɗaya, wannan kasuwar da kake turawa kyauta yau ita za ka tarar.

Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.