Allon bugun da ya fi ƙarfin doka: rikicin da ke damun wasan fikilbol

Mutane da yawa a yankinmu sun fara jin sunan fikilbol ne a Maris 2024, lokacin da aka nuna shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Accra. A Amurka kuwa, inda aka ƙirƙiro shi a 1965, gardamar da ake yi yanzu a kan allon da ake buga ƙwallon da shi ne.

Filin wasan ƙarami ne. Idan ’yan wasa suka matso gaba, ƙafa 14 kacal ke tsakaninsu, wato mita huɗu da ’yan kai. Allon da ke cilla ƙwallo da ƙarfin da ya wuce kima ba ya barin abokin karawa ya kare fuskarsa, ga shi dokokin gasa ba su wajabta sa tabarau ba.

Hukumar USA Pickleball ce ke fitar da jerin allunan da ta amince da su. A 2022 ta dakatar da wasu na kamfanin CRBN saboda kaushin fuskarsu, wanda ke sa ƙwallo juyawa fiye da ƙa’ida. A Mayun 2024 ta cire sabbin allunan JOOLA daga jerin, bayan an gano cewa waɗanda aka kai gwaji ba su ne ke kasuwa ba. Kamfanin ya kai ƙara kotu. Daga baya hukumar ta kawo gwajin PBCoR mai auna ƙarfin cillawa, ta kuma haramta wasu alluna a gasa daga 1 ga Yulin 2025.

Inda gizo ke saƙar shi ne, allo yana iya cin gwaji yau, ya karya doka bayan wata uku. Cikinsa kamar saƙar zuma yake. Idan ya murƙushe, ko fuskar ta ɓamɓare daga jikinsa, sai ya riƙa harba ƙwallo kamar danƙo. Ɗan wasa na iya riƙe haramtaccen allo bai sani ba, wani kuma da gangan yake tsufar da nasa. Hatimin da ke jiki ba ya bambanta su. Gwaji a bakin fili ne ke iyawa, shi kuma sai manyan gasanni masu kuɗi.

Ƙwararrun gasannin PPA da MLP ma nasu ma’aunin daban ne, ƙarƙashin UPA-A, don haka allo ɗaya kan halatta nan, ya haramta can.

Ƙananan ƙungiyoyin da ke tasowa a Afirka su ne abin ji. Allon da aka hana a Amurka ba ya ɓacewa, farashinsa ne ke faɗuwa, kuma kowa ya san inda kayan gwanjo ke ƙarewa. Mai shirya gasa a Accra ba shi da na’urar gwaji, amma jerin hukumar yana intanet kyauta, yana iya duba sunan kowane allo kafin a shiga fili.