Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Kula da Laburaren Kwalejojin Funtuwa da Malumfashi

 

Dalilin wannan takarda wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. An yi rubutu mai yawa a kan wannan ƙasa tamu ta kudancin Katsina, amma ɗalibin da zai shiga laburaren kwaleji ya nemi abin da aka rubuta game da garinsu, da wuya ya fito da wani abu a hannu. Littattafan manhaja suna nan jere, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Namu na gida ne babu.

A 1975 Bankin Duniya ya sa hannu a shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gwambe. Ma'aikatansa sun bi ƙauyuka suna auna gonaki, suna rubuta abin da aka girbe, da farashin taki da na hatsi. A shekarun 1970 ɗin nan kuma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool suka zauna a Malumfashi suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin ya yi rubutu a kan yadda mutanenmu ke neman magani. Paul Clough ya yi shekaru yana nazarin noma da fatauci da bashi a ƙauyen Marmara, littafinsa ya fito a 2014. Kakanninmu ne suka amsa tambayoyin nan duka, amma amsoshin suna Zariya da Kaduna da Ingila. Ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi ta fi kowa haƙƙin karanta abin da aka gano game da lafiyar mutanen Malumfashi. Ku rubuta wa Laburaren Kashim Ibrahim na Samaru, da Gidan Arewa na Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Katsina, ku roƙi kwafi, ko da na hoto ne. Kanta ɗaya tak, da sunan yankinmu a goshinta, ta isa a fara.

To, ga kuma batun bukukuwa: ina ruwan wannan da su? Ai biki shi ne ƙofar da mutanen gari za su shigo muku ta cikinta. Manomin Bakori ko mai sayar da hatsi a kasuwar Dandume ba zai ratsa ƙofar kwaleji, ya wuce maigadi, don kawai an ce akwai littattafai ba. Amma in aka ce ana taron tunawa da Alhaji Mamman Shata, zai zo, har ya jawo abokinsa.

Na san kuna kiyaye ranakun da duniya ta ware: 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, 23 ga Afrilu ta littafi, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta da aka fara a 2015. Ba laifi. Sai dai yadda aka saba yin su ne ke ba ni takaici: a rataya kyalle, babban baƙo ya makara, a yi jawabi da Turanci a kan muhimmancin Hausa, a raba lemo, a watse. Washegari laburare bai ƙaru da ko takarda ɗaya ba. Ni a ganina, duk taron da bai bar muku wani abu da za a sa wa lamba a ajiye ba, hidima ce kawai aka sha.

Kuma ku dubi kalandar da mutanenku ke bi. Ƙarshen Agusta tsakiyar marka ne, manomi yana gona, hanya ta caɓe. Ku bar Ranar Hausa ga ɗalibai da malamai. Babban taro na jama'ar gari sai bayan kaka, lokacin da masara da dawa suka shiga rumbu, auduga ta tafi ma'auna, aljihu ya yi nauyi, ana kalankuwa da dambe da kokawa. A nan dattijo yake da sukunin zama ya ba da labari. Cikin azumi kuma, in goma ta wuce, ga tashe: ku tura ɗalibai unguwa-unguwa su ɗauko wasannin yara, a rubuta wane wasa, wace unguwa, wace shekara. Haka hawan Sallah na Galadiman Katsina a Malumfashi da na Sarkin Maska a Funtuwa. Kowa na ɗaukar hoto da waya, amma wa ke rubuta jerin masu hawa, da sarautar kowa, da makaɗin da ke binsa? Bayan shekara ashirin hoton da ba suna ba amfaninsa.

Batun Shata kuwa, abin kunya ne a gare mu. An haife shi a Musawa, ya zauna a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Tsofaffin direbobi da 'yan kasuwa na da kasakasansa a cikin akwatuna, zaren yana ruɓewa, ga waɗanda suka san mutanen da ya yi wa waƙa suna ta ƙarewa. Ku sa ranar rasuwarsa ta zama ranar da kowa zai kawo kaset a juye masa a kwamfuta, a mayar masa da abinsa. Littafin tarihinsa da Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar a 2006 bai kamata a neme shi a rasa a laburaren Funtuwa ba.

A kan sana'ar kanta, ba zan koya muku aikinku ba, tuni kawai nake yi. Kada ku ɗauki muryar kowa sai da yardarsa, kuma ku faɗa masa inda za a ajiye da wanda zai ji. Takardun ajami na gidajen malamai amana ce ta gado: a ɗauki hotonsu a gaban mai su, a bar masa kayansa, kuma don Allah kada a liƙe tsohuwar takarda da salatif. Kowane abu a yi masa kwafi biyu, ɗaya a wani gini dabam, domin gara da yoyon rufi ba sa sallama. Wayar ma'aikaci ba ma'ajiya ba ce.

Sannan wanda ya ba ku, ku ma ku ba shi. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, da ƙasidun Hausa na malaman gona na Samaru a kan irin masara da auduga, ku kafa su a allo a bakin ƙofa, inda ba sai an nuna katin ɗalibi ba. Ku ware wa mata yini guda, mace ce za ta tarbe su. Labarin kaɗi da saƙa da waƙoƙin niƙa yana bakinsu, kuma ba za su faɗe shi a gaban taron maza ba.

Za ku ce ba kuɗi. Gaskiya ne, amma yawancin abin da na zayyana waya ce da littafin rajista da izinin shugaban kwaleji. Abin da babu shi ne lokaci. Rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, dattawansu da yawa suna zaune a Funtuwa da Malumfashi a gidajen dangi, da tarihin garuruwansu a ka. Ku neme su tun kakar bana, ku shimfiɗa musu tabarma a laburare, ku kunna rikoda.

Wassalam.

Naku,
Wani mai yawan zuwa laburare