Ra'ayinmu: Kada Mu Jira Sai Mun Kwanta

Akwai wata al'ada da ta daɗe tana yi mana ɓarna a ikkilisiyoyinmu na yankin Anka, Gummi da Bukkuyum. Idan yaro ya yi zazzaɓi, uwa takan goya shi ta nufi asibiti. Amma idan jikin magidanci ya ƙi, sai ya sa a dafa masa ganyen dogon yaro, ko a jiƙa sassaƙe, ko a sayo masa ƙwaya biyu a kemis. Ba ya yarda a kai shi wurin likita sai ya kasa tashi.

Mun san dalilan, gama mu ma a cikinsu muke. Akwai kuɗin mota, da na kati, da na gwaji, da na magani. Da damina manomi yana ganin kwana ɗaya a asibiti hasarar gona ce. Hanyoyinmu ba su da tsaro. Waɗansu kunya ke hana su faɗa wa baƙo ciwon basir ko na mara. Waɗansu kuma suna tsammani zuwa asibiti rashin bangaskiya ne.

Sai mu tuna da abin da ya faru a shekarar 2010. A Tungar Guru, 'Yargalma, Dareta, Abare da maƙwabtansu, yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Da fari ko ma'aikatan lafiya sun zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka gwada jini kafin aka gane gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya ceci sauran shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da maganin da likitocin ƙungiyar MSF suka bayar mai fitar da dalma daga jini.

Idan likita bai gane wannan ciwo da ido ba, yaya mu za mu gane namu a ɗaka? Dalmar nan takan jawo wa manya hawan jini, ta lalata ƙoda. Hawan jini da ciwon suga kuwa sukan yi shekaru a jiki ba tare da alama ba. Jiƙo yana iya kwantar da ciwon kai, ainihin cutar tana nan tana ci.

Ba mu raina sanin iyayenmu ba, ba mu kuma rage darajar addu'a ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma tashi mu je a duba mu.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su ware wani abu daga baiko domin jinyar marasa hali. Zumuntar Mata da matasa su riƙa raka majinyata asibiti. Inda akwai ma'aikacin lafiya a cikinmu, a roƙe shi ya auna jinin manya bayan sujada, ko sau ɗaya a wata. Wanda zazzaɓinsa ya kai kwana biyu ya je a yi gwaji, ya kuma faɗa wa likita dukan abin da ya sha a gida.

Dattawa, ku fara miƙa hannunku a auna. Idan kun yi, sauran za su bi. Ubangiji ya ba mu lafiya. Amin.