Minti 90 muka biya, a cika mana tiya

1/ Zare kan ɓata lokaci a ƙwallo. Ra'ayina a taƙaice: dokar hana shi tana nan a rubuce. Abin da muke nema yanzu shi ne alƙalin wasan da zai yi aiki da ita ba tare da tunanin ta ƙofar da zai fita daga fili ba. Ku biyo ni.

2/ A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in mai awo ya tauye maka tiyar gero, nan take za ka tara masa jama'a. Amma kai ɗin nan da daddare za ka shiga gidan kallo, ka biya kuɗin minti 90, a auna maka wajen 55, ka tashi kana tafi.

3/ Ba ƙari na yi ba. A kakar Firimiyar Ingila ta 2022/23, lokacin da ƙwallo take yawo a fili bai wuce wajen minti 55 a kowane wasa ba. Sauran ya tafi a jifa, canji, kwance-kwance da musu da alƙali. Shi kuwa mai gidan kallo a Gumel injinsa na shan mai har da lokacin da gola ke gyara safa.

4/ An daɗe ana wannan yaƙin. Bayan Kofin Duniya na 1990 ya gundiri kowa, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Wannan doka ɗaya ta gyara wasa sosai. A 2019 kuma aka ce wanda aka canza ya fita ta layin da ya fi kusa da shi.

5/ A Qatar 2022 Collina ya ce a rama duk daƙiƙar da aka ci. Wasan Ingila da Iran sai da aka ƙara masa sama da minti 25. Ya taimaka, amma bai kashe cutar ba. Mai kwanciya ba agogo kaɗai yake ci ba, zafin abokin karawa yake son ya huce. In ya huce, ko an ƙara minti goma ya riga ya ci riba.

6/ Shi ya sa dokar da IFAB ta amince da ita a Maris 2025 ta fi burge ni. Gola ya riƙe ƙwallo sama da daƙiƙa 8, kwana ce. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar ɗin ƙarshe kowa na gani. Tsohuwar dokar daƙiƙa 6 a takarda ta tsufa, don da wuya ka ga an busa ta.

7/ A gasar ƙungiyoyi ta duniya a Amurka, Yuni 2025, an busa wa Ronwen Williams na Mamelodi Sundowns ita. Hukunci a take, ba sai an jira minti 88 a ba shi yalo yana murmushi ba.

8/ To mu dawo gida. Duk mai bin gasar NPFL ya san karatun. Baƙi tun kafin hutun rabin lokaci sun fara faɗuwa, canjaras suka zo nema. In kuwa 'yan gida suka jefa ɗaya, sai yaran ɗauko ƙwallo su yi ɓatan dabo, ƙwallo ta fita a yi ta cigiyarta.

9/ Tambayata: minti 89, 'yan gida na ci ɗaya da nema, golansu ya rungume ƙwallo daƙiƙa goma sha biyar. Wane alƙali ne zai ba baƙi kwana? Ku faɗi tsakaninku da Allah.

10/ Ku tuna Oktoba 2025 a filin Sani Abacha. Shooting Stars sun farke wa Kano Pillars a ƙarin lokaci, aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka auka cikin fili suka far wa alƙalai. An cire wa Pillars maki uku. Amma duk alƙalin da ya ga bidiyon nan ya ɗauki darasi: ƙara minti biyar na iya zama jinya.

11/ Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata. Na farko, tsaro na gaske ga alƙali, daga masauki har ya bar gari. Na biyu, a jera ƙwallaye a bakin layi ɗan wasa ya ɗauka da kansa, kamar yadda Firimiya ke yi yanzu. Wannan ko sisi ba ya ci, sai kuɗin ƙwallo.

12/ Na uku, a aro tsarin gasar MLS ta Amurka: wanda ya kwanta har aka shigo duba shi, ya fita ya yi minti biyu a waje, sai dai in ciwon kai ne ko an yi masa ƙetar da ta jawo kati. In ka san 'yan'uwanka za su koma goma, da kanka za ka miƙe.

13/ Na san masu cewa ai wayo ne, ƙaramar ƙungiya da me za ta kare kanta? Ta tare baya, ta rufe hanya, ta riƙe ƙwallo a ƙafa, duk wasa ne kuma muna yabawa. Kwanciyar ƙarya kuwa har illa take yi: ran da wani ya faɗi da gaske, sai 'yan kallo su ɗauka irin ta jiya ce, a yi ta yi masa ihu.

14/ Kuma yara na kallo. Ku leƙa filin firamare da la'asar a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Yaron da bai iya tare ƙwallo da ƙirji ba ya iya birgima yana riƙe da ƙauri. A talabijin ya gani, kuma ya ji manya na cewa ɗan wasan nan akwai basira.

15/ In naku ya kwanta ku ce gogewa, in na wasu ne ku ce rashin kunya. A daina auna wa juna da tiya biyu. Masu gasar unguwa a Gumel da Maigatari, ku fara busa daƙiƙa 8 ɗin nan a wasanninku, ba ta bukatar na'ura, yatsu biyar ne kawai. Wanda bai yarda ba ga fili nan, ya kawo hujjarsa.